Daga Jos zuwa taron masoya Doctor Who: Landan, Derby, Los Angeles ko Legas?

Ɗan babbar yayata ya gama bautar ƙasa, ya samu aiki a wani shagon gyaran kwamfuta da ke titin Ahmadu Bello, kuma tun albashinsa na farko yake zuba adashi da niyya guda. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ni gida, ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Kawu, kai da ka je ka gano, in kuɗin nan ya taru ina zan nufa? Amurka ko Ingila?" Taron masoya Doctor Who yake nufi. Ni na koya masa kallon shirin tun yana firamare, don haka ba ni da bakin ce masa ya bar zancen. Mun kai har la'asar muna lissafi, kuma na san akwai irinsa a Anguwar Rogo da Bukur da Rayfield waɗanda tambayar ke cinsu ba su da wanda za su yi wa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, shiri ne mai dogon zango na almarar kimiyya da BBC ta fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba 1963. Dakta baƙo ne daga wata duniya mai suna Gallifrey, yana yawo tsakanin jiya da gobe a cikin wani shuɗin akwatin 'yan sanda da ake kira TARDIS, wanda cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Duk lokacin da ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Dakta zai bar shirin, sai labarin ya sake wa Dakta jiki da fuska, wani ya ɗora. Shi ya sa masu zuwa taro suke da Daktoci da yawa da za su iya gani ido da ido, daga Peter Davison da Colin Baker da Sylvester McCoy na shekarun 1980 har zuwa Jodie Whittaker da Ncuti Gatwa.

Kafin mu shiga zancen kuɗi sai da na tuna masa abin da yawancin mutanen garin nan ba su sani ba. A shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge tsofaffin kaset ɗinta tana sake naɗa a kansu, kashi da yawa na shirin suka salwanta. Cikin abin da ya tsira akwai kwafin fim da aka sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, Najeriya na ciki. A Oktoban 2013 aka sanar cewa wani Bature mai bin sawun tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a nan Jos, a ciki har da kashi tara da duniya ta riga ta fid da rai da su, na labarai biyu daga zamanin Patrick Troughton, Dakta na biyu: The Enemy of the World da The Web of Fear. Sannan a Mayun 2025 aka nuna wani kashi da aka kafa labarinsa a shagon aski a Legas, wanda Inua Ellams ya rubuta, shi kuwa haifaffen Jos ne a 1984. Na ce masa, duk inda ka je a cikin tarukan nan, ba ɗan kallo za ka shiga ba, kana da gadonka a ciki.

Tarukan iri biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba shi ke dawowa yana cizon yatsa. Akwai na kowa da kowa, inda ake haɗa masoya finafinai da zane-zanen Japan da wasannin kwamfuta a zaure ɗaya, Doctor Who ya zama rumfa guda a cikin babbar kasuwa. Akwai kuma na masoya shirin zalla, ƙanana, waɗanda suka fi kama da zaman majalisa a ƙofar gida, kowa ya san abin da ya tara su.

Na farko da na je shi ne London Film and Comic Con, wanda ake yi tun 2004, galibi a watan Yuli a zauren Olympia. Akwai kuma MCM da ake yi sau biyu a shekara, Mayu da Oktoba, a ExCeL da ke gabashin Landan, sai dai shi ya fi karkata ga zanen Japan da wasanni. Amfanin irin waɗannan a bayyane yake: su ke da kuɗin gayyato manyan sunaye. In burinka shi ne ka tsaya kusa da Daktoci irin su David Tennant ko Matt Smith, a irin wannan wurin ka fi sa ran samunsu. Amma tikitin shiga, shiga kawai yake ba ka. Sa hannu a hoto kuɗinsa daban, ɗaukar hoto da jarumi kuɗinsa daban, wani lokaci ma zama a zauren da zai yi jawabi sai ka sake biya. Na ƙananan 'yan wasa yakan fara daga wajen fam 20, na manya yakan kai fam 100 ko ya haura.

Na tuna yadda na tsaya a layin hoto, an yi mana zigzag da igiya kamar layin banki ranar albashi. Na riga na haddace maganar da zan faɗa tun daga cikin jirgi. Da aka zo kaina, aka ce in ajiye jaka a tebur, na shiga bayan labule, muka gaisa, fitila ta haska, wata ma'aikaciya ta nuna mini ƙofa da murmushi. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba. Hoton yana nan a falona, kuma ina son sa, amma maganar da na haddace da ita na dawo Jos. Ba laifin kowa ba ne, ɗaruruwan mutane ne a bayana, tsarin ke nan. Wanda ya san haka ya je, zai ji daɗinsa. Wanda ya je neman hira, ya yi ɓatan kai.

Ta fuskar zama kuwa Landan ba ta da wahala ga ɗan Arewa, in ka cire tsadar masauki. Daga Abuja akwai jirgi kai tsaye, awa shida da ɗoriya. Abincin halal ko'ina, masallatai birjik, kuma kusan kowannenmu yana da wani ɗan'uwa ko abokin makaranta da zai ba shi katifa na kwana uku. Ranar da ba taro za ka iya zuwa bakin tashar Earl's Court ka ga shuɗin akwatin 'yan sanda a tsaye a gefen titi, ko ka leƙa The Who Shop a gabashin birnin, shagon da tun 1984 yake sayar da kayan shirin. In da sauran guzuri, jirgin ƙasa daga Paddington zai kai ka Cardiff cikin kamar awa biyu, garin da ake shirya shirin tun dawowarsa a 2005. Ba a shiga inda ake ɗauka, kuma gidan nune-nunen shirin da ke can an rufe shi tun 2017, amma bakin ruwan garin duk wuraren da ka sani ne a allo.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne ƙarami. A Derby, awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa daga St Pancras, wata ƙungiyar masoya mai suna Whoovers tana shirya taron yini ɗaya da ake kira Whooverville a cibiyar QUAD, wajen ƙarshen bazararsu, ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Ba taron dubbai ba ne. Baƙin da ake gayyata yawanci tsofaffin 'yan wasa ne, da marubuta da daraktoci da masu aikin bayan fage, mutanen da suka san yadda aka haɗa Dalek, wato dodon ƙarfen da ke gāba da Dakta, da katako da roba a lokacin da kuɗin shirin bai taka kara ya karya ba. Kana iya ɗaga hannu ka yi tambaya a ba ka amsa mai tsawo, kana iya cin karo da wanda ya gama jawabi yana shan shayi a tebur na kusa da kai.

A can ne wani dattijo mai furfura, da jakar leda cike da tsofaffin mujallu, ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Najeriya. Ya ce wane gari? Da na ce Jos, sai ya ajiye kofinsa, ya maimaita sunan a hankali, ya kira abokansa biyu da hannu. Ya ce yana yaro ya kalli The Web of Fear, labarin nan na dodannin da suka mamaye hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin Landan, sau ɗaya tak a 1968, ya yi shekara arba'in da biyar yana ɗauka ba zai sake gani ba. Suka zaunar da ni suna tambaya: yaya garin yake, da gaske akwai sanyi, da gaske duwatsu ne a jere kamar an ɗora su da hannu? Na buɗe waya na nuna musu tsaunin Shere da dutsen Riyom. Har yau kashi na uku na wannan labari bai bayyana ba, kuma ɗayansu ya roƙe ni, da gaske yake, in na koma in riƙa tambayar tsofaffin ma'aikatan talabijin. Mun fi awa muna zaune. A duk tafiyar nan, wannan ce sa'ar da ban biya ko fam ɗaya a kanta ba.

Illar Derby ɗaya ce, kuma babba ce: yini ɗaya ne. Mutum ba zai taso daga Jos, ya sauka Hawan Kibo, ya bi Akwanga da Keffi zuwa Abuja, ya kwana, ya hau jirgi, don awa takwas kawai ba. Sai dai ka gina tafiyar mako guda a kewayensa, ka haɗa da Landan da Cardiff da ziyarar dangi. Kuma kada ka sa ran ganin Daktocin zamani. Salla da abinci ba matsala, unguwar Normanton tana da masallatai da gidajen abinci na 'yan Pakistan.

Akwai wani dalilin da ya sa na matsa masa kan ƙananan tarukan. Mutanen zamanin farko suna ta tafiya. Troughton kansa a wurin taron masoya ya rasu, a jihar Jojiya ta Amurka a 1987. Deborah Watling, wadda ta fito a labaran nan biyu na Jos, ta rasu a 2017. Frazer Hines, abokin tafiyar Dakta a cikinsu, haihuwar 1944 ne, kuma ya daɗe yana cikin masu yawan halartar taruka. Tom Baker, Dakta na huɗu mai dogon mayafin wuya, haihuwar 1934 ne. Tennant da Gatwa suna da sauran shekaru a gaba in Allah ya yarda, waɗancan kuwa wanda yake son ganinsu bai kamata ya yi ta jinkiri ba.

Sai Amurka, inda zuciyar yaron ta fi karkata. Gallifrey One shi ne wanda kowa ke ambato: tun 1990 ake yin sa a Los Angeles, a 'yan shekarun nan a watan Fabrairu, kwana uku, a otal ɗin Marriott da ke dab da filin jirgi. Masoya ne ke gudanar da shi da kansu, kuma suna ƙayyade yawan tikiti, mutum dubu kaɗan. Ya haɗa abin da na ce babu a wuri ɗaya: baƙi masu yawa, tsofaffi da sababbi, ga kuma sakewar ƙaramin taro, domin kusan kowa a otal ɗin yake kwana, hira a harabar ƙasa takan kai tsakar dare. Suna da wata al'ada ta musayar 'yan ƙyallaye masu rubutu da ake liƙawa a ƙasan katin shiga, har ka ga na wani ya sauko masa gwiwa. In da a ce zaɓi na daɗin taro ne kawai, da ban tsaya dogon bayani ba.

Amma na zauna da takarda da biro na lissafa shi har sau biyu, sau biyu ina ajiyewa. Kuɗin neman bizar ziyara dala 185 ne a 2025, a ba ka ko a hana ka ba a mayarwa, kuma sai ka je ganawa da kanka a Abuja ko Legas. A Yulin 2025 aka mayar da bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, wata uku, kuma daga nan dokokin sai ƙara tsauri suke yi, ta yadda duk mai wannan niyya sai ya fara karanta sanarwar ofishin jakadanci ta ranar kafin ya kashe ko kwabo. Saurayi marar aure, sabon ma'aikaci, da zai ce taron masoya talabijin za shi, ƙofarsa a ƙuntace take, gaskiya ɗaya ce. Ga nisa: babu jirgi kai tsaye daga Abuja, in ta Landan ka bi sai ka ƙara wasu awa goma sha ɗaya a sama. Ga masauki da dala. Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba: a 2027 da 2028 tsakiyar Fabrairu cikin azumi take faɗowa. Ana iya yi, akwai masallacin Sarki Fahad a Culver City ba nisa sosai, amma taron da armashinsa ke cikin cin abinci tare da hirar dare, ga gajiyar bambancin awa tara, ba shi zan zaɓa wa mai azumi a tafiyarsa ta farko ba.

Bizar Ingila ma ba ruwan sha ba ce. Ta wata shida fam 127 ce a 2025, ana iya nema tun wata uku kafin tafiya, amsa takan ɗauki kamar mako uku. Abin da suke dubawa shi ne takardar banki da ta yi daidai da albashinka, da shaidar cewa kana da abin da zai dawo da kai. Kuɗin adashi da ya faɗo asusu dare ɗaya ba tare da bayani ba yakan jawo tambaya, don haka na ce masa ya riƙa ajiye shaidar kowane zubi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ya cike takardunsa da hannunsa. Ni a tafiyata ta farko wani ejan na ba wa, ya karɓi kuɗi mai kauri, ya rubuta mini sunan otal ɗin da ban taɓa kamawa ba, Allah ya sa na karanta kafin a tura, na janye na sake daga farko, kuɗin kuma har yau. Tsarin biyan ma yana da muhimmanci: tikitin taro yawanci ba a mayar da kuɗinsa, kuma jarumi na iya fasa zuwa ana saura kwana biyu in aiki ya taso masa. Kada ka sayi tikitin jirgi, wanda shi kaɗai ya haura naira miliyan, saboda sunan mutum ɗaya a jerin baƙi.

Legas fa? Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba ya kafa a 2012, ana yin sa a watan Satumba, a 'yan shekarun nan a cibiyar Landmark da ke Victoria Island. Ba biza, ba canjin kuɗi, jirgi daga filin jirgin Jos da ke Heipang ko mota in kana da juriyar kusan kilomita dubu. Kada ka je neman Dakta, ba wurinsa ba ne. Abin da za ka gani shi ne masu zanen barkwanci da majigin yara na ƙasar nan, irin su Comic Republic, da samari da 'yan mata cikin shigar kwaikwayo, yawanci na zanen Japan da jaruman Amurka. Duk da haka ina ganin kuskure ne mutum ya tsallake shi. A can za ka gane ko kana iya yini a tsaye cikin hayaniya, ko kana da ƙarfin halin sa kayan kwaikwayo a bainar jama'a, ko kuma daɗin shirin a wurinka na ɗaki ne da shiru. Gara ka gano haka da naira.

Kayan ma a nan gida za ka haɗa su, kuma Jos ta fi ko'ina sauƙi. Doguwar kwat ta gwanjo tana nan jibge a Katako. Jar darar Matt Smith kuwa kowane mai hula ya san ta. Mayafin wuyan Tom Baker wata maƙwabciyarmu mai saƙa ce ta yi mini nawa. Da na nuna mata hoton na faɗi tsawonsa, sai ta ajiye kwarashi ta ce, "Baban Ummi, wannan na mutum ɗaya ne ko na gida duka?" Mako uku ta yi a kansa, launi bakwai, kuma a Derby sai da mutum huɗu suka tambaye ni inda na saya.

Da la'asar ta yi, abin da muka tsayar shi ne: bana Legas, da kuɗin wata biyu na adashin. Sauran ya ci gaba da taruwa a banki har shekara ta zagayo, sannan ya nemi bizar Ingila da tafiyar mako guda a kewayen ƙaramin taro. In ya ga jerin baƙin Landan ya fi jan ransa, ya je a Yuli da saninsa cewa hoto zai ɗauko. Los Angeles mun ajiye ta sai ya yi aure, fasfonsa ya ga hatimi biyu ko uku, ƙofar kuma ta sassauta.

Shi ya kawo shawara ta ƙarshe, ba ni ba. Na taɓa gaya masa cewa taron masoya shirin na farko a Ingila, a 1977, a wani ƙaramin zauren coci aka yi shi a Battersea, kuma Tom Baker da Jon Pertwee, Dakta na uku, sun je. Ya ce, "To Kawu, mu me ya hana mu? Garin da ke da makarantar koyon fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA, a rasa mutum ashirin?" Muka sa ranar 23 ga Nuwamba, ranar da shirin ya fara, lokacin sanyi ne, mayafin zai yi amfani. Mun yanke a falona za a yi, ba kuɗin shiga, domin nuna shirin ga jama'a da karɓar kuɗi sai da izinin masu shi. Za mu kalli labaran nan biyu da aka tsinto a garinmu, yayata ta ɗauki nauyin masa da shayi, shi kuma ya fara neman wani tsohon ma'aikacin talabijin da zai zo ya gaya mana yadda gwangwanayen fim suke isowa Jos a wancan zamani. Zuwa daren jiya mutum goma sha ɗaya sun ce za su zo, biyu daga Bauchi.